Yadda ake adana tawul a ƙaramin banɗaki ba tare da ya yi wari ba

Tawul iri biyu ne a kowane gida. Akwai wanda aka goge jiki da shi da safe, yana nan ɗauke da ruwa. Akwai kuma wanda aka wanke, ya bushe, aka ninke, yana jiran ranarsa. Na farkon iska yake nema, na biyun kuwa busasshen wuri yake nema inda tururi da fantsamar ruwa ba za su kai gare shi ba. Yawancin wahalar da ake sha da ƙaramin banɗaki daga haɗa waɗannan biyun take tasowa: a jibga su a ƙusa ɗaya, ko a cusa wankakku a kwabar da ke shan danshi, sannan a ce wuri ne ya yi kaɗan.

Na daɗe ina ajiye wankakkun tawul huɗu a kwabar da ke ƙarƙashin kwamin wanke hannu, don a nan ne kawai na ga fili. Kullum na sama nake ɗauka, in wanke, in mayar da shi sama. Wata rana na jawo na can ƙasa, na warware shi, sai ga ɗige-ɗigen baƙi sun bi layin ninkin tun daga wannan baki har wancan, ga wani warin tsami da ya daki hancina. Ruwa ba ya tsami banza. Da na leƙa da tocila, ashe mahaɗin bututun yana ɗiga a hankali, katakon ƙasan kwabar ya jiƙe ya kumbura. Tun daga ranar na sauya tsari, kuma tsarin ne zan bi da kai mataki-mataki.

Mataki na 1: Fito da su duka, ka ƙirga

Kafin ka sayi ko ƙugiya ɗaya, tattaro duk wani tawul da ke gidan ka zube a kan gado. Ka ware na wanka, na hannu, da ƙananan na fuska. Wanda ya yi shara-shara har kana hango haske ta cikinsa, ko wanda gefensa ya zazzage, ka yanka shi ya koma tsumman goge-goge.

Lissafin da ya ishi mutum ɗaya shi ne tawul ɗin wanka biyu zuwa uku: ɗaya a rataye, ɗaya a ninke, ɗaya a wanki. Daga cikin waɗannan, wanda ke rataye ne kaɗai dole ya zauna a banɗaki. Na ninke zai iya zama a ciki idan da wuri mai kyau. Na baƙi da sauran rarar kuwa ba su da abin yi a banɗaki ko kaɗan, ka kai su kwabar kaya a ɗaki. Gida mai mutum huɗu ke nan yana buƙatar wurin rataya huɗu, da ɗaya na tawul ɗin hannu, da ɗan wurin da zai ɗauki ninkakku kamar huɗu. Da zarar ka rubuta wannan lissafin za ka ga abin bai kai yadda kake zato ba.

Mataki na 2: Gano inda ruwa ke kaiwa, sannan ka auna

Ka yi wanka kamar yadda ka saba, in ka gama ka tsaya ka dubi bango da kyau. Ina ne ya jiƙe? Har ina fantsamar ta kai? Wane lungu ne ya bushe cikin ƴan mintoci, wane ne ya wuni da lema? Ka shafa tafin hannunka a bangon bayan awa ɗaya, zai gaya maka gaskiya. Duk inda ruwan shawa ke taɓawa ka cire shi daga lissafi, ko da shi ne fili mafi faɗi a ɗakin.

Daga nan ka ɗauko tef ɗin awo da fensir. Wuraren da ya kamata ka auna su ne bayan ƙofa, saman ƙofa har zuwa rufi, bangon da ke saman tankin masai, gefen kwamin wanke hannu, da duk wani siririn fili tsakanin masai da bango. Ka buɗe ƙofar har ƙarshe ka auna tazarar da ta rage tsakaninta da bango, domin mutane da yawa suna kafa marataya a bayan ƙofa, sai daga baya su tarar ƙofar ta daina buɗewa sosai, ko ƙarfen yana dukan tayil.

Ka riƙe girman tawul a ranka yayin awon. Na wanka da aka fi samu ya kan kai kamar santimita 70 a faɗi, 140 a tsawo. Manyan nan masu lulluɓe jiki duka suna kaiwa 90 ko 100 a faɗi, 150 ko fiye a tsawo. Na hannu kamar 50 da 90 ne, na fuska kuma 30 da 30.

Mataki na 3: Jiƙaƙƙen tawul shi ke zaɓen wuri da farko

A nan ne nake so ka fi ba da hankali, domin in wannan ya gyaru sauran mai sauƙi ne. Wurin da ya fi samun iska a banɗakin, kusa da taga ko kusa da ƙofa, na jiƙaƙƙen tawul ne. Kada ka ba wa kwandon ado wannan wurin.

Tawul yana bushewa ne gwargwadon yawan jikinsa da iska ke taɓawa. Shi ya sa sandar rataya ta fi ƙugiya. A kan sanda, tawul yana shimfiɗe, iska na bin gabansa da bayansa. A kan ƙugiya kuwa yana tattare ne kamar labulen da aka ja gefe, wajen ya bushe, cikin ninkin ya kwana da ruwa. Ka gwada da kanka: da yamma ka sa hannu cikin tawul ɗin da ya wuni a ƙugiya, za ka ji sanyin lema a tsakiya. A wannan lemar ce ƙwayoyin cuta da fumfuna ke hayayyafa, kuma fumfuna ba ta buƙatar dogon lokaci, kwana ɗaya zuwa biyu na danshi sun ishe ta ta fara kama abu.

Idan kana da bangon da ya kai santimita 75, ka kafa sanda mai wannan tsawon, tawul zai shimfiɗu ba tare da an ninka shi ba. Sanda mai santimita 60 ma za ta yi aiki, sai dai tawul ɗin zai ɗan tattare. Tsayin da aka saba kafa ta shi ne kamar santimita 120 daga ƙasa. Tawul mai tsawon 140 in ya rataya rabi da rabi zai sauko santimita 70, ka ga ya bar ƙasa da nisa. Ka tabbata akwai tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin sandar da bango, kada tawul ya manne da tayil.

To, in bangon bai kai ba fa? Akwai marataya mai hannuwa uku ko huɗu da ke juyawa a kan ƙarfe ɗaya. A ganina wannan ita ce ta fi dacewa da ƙaramin banɗaki. Wurin da take ci a bango bai wuce faɗin tafin hannu ba, bayan wanka ka ware hannuwan kowane ya fuskanci gefensa, tawul su sha iska, in sun bushe ka tura su su kwanta a jikin bango. Haka kuma za ka iya kafa sanduna biyu ko uku a bayan ƙofa, ɗaya a saman ɗaya, amma ka ba su tazarar da tawul na sama ba zai lulluɓe na ƙasa ba.

Idan ƙugiya ce kawai wurin ya ɗauka, babu laifi, sai a bi ta da dabara. Ka kafa ta a kamar santimita 170 daga ƙasa, domin tawul a ƙugiya da tsawonsa yake saukowa. Ka bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙugiya da ƙugiya. Abin da ya fi, ka ba kowane tawul ƙugiya biyu, ka rataya shi ta kusurwa biyu ya buɗe kamar tuta. Tawul ɗaya a ƙugiya ɗaya, kada a ɗora wani a kan wani, kada kuma a rataya riga a kansa. Yara kuma a sauko musu da tasu daidai kafaɗarsu. Yaron da hannunsa bai kai ƙugiya ba, a ƙasa zai yar da tawul, kuma ba laifinsa ba ne.

Duk abin da za ka saya ya kasance ƙarfen da ba ya tsatsa, ko alminiyum, ko roba mai ƙwari. Ƙarfen da aka shafa wa fenti kawai, da fentin ya ɓantare zai bar jan tabo a farin tawul, tabon tsatsa kuwa da wuya ya fita.

Mataki na 4: Kafawa

Busasshen tawul ɗin wanka mai matsakaicin kauri nauyinsa kamar rabin kilo ne. In ya sha ruwa ya kan ƙaru sosai, ga kuma fizgar da ake yi masa in an zo ɗauka. Saboda haka abin da aka kafa da sukuru shi ya fi daɗewa.

Kafin ka huda, ka tuna cikin bangon banɗaki akwai bututun ruwa da wayar wuta. Yawanci suna tafiya ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, daga famfo, shawa, makunnin wuta da soket. Kada ka huda a kan waɗannan layukan. In kana shakka, ka tambayi mai gyaran famfo ko mai aikin wuta, ko ka yi amfani da na'urar da ke gano waya da bututu a cikin bango.

Ka ɗora maratayar a bango, ka daidaita ta, ka sa alama da fensir ta cikin ramukanta. In a kan tayil ne, ka manna tef ɗin takarda a wurin ka sa alamar a kansa, shi zai hana bakin injin huda bango zamewa. Ka yi amfani da bakin da aka yi don tayil, ka kashe bugun nan irin na guduma da injin ke yi, ka tafi a hankali ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Sai ka ratsa tayil ka shiga bulo sannan ka sauya zuwa bakin siminti, ka kunna bugu. Kada ka huda dab da gefen tayil, nan ne ya fi saurin tsagewa. Yawancin ƙananan marataya ramin milimita 6 suke buƙata. Ka busa ƙurar, ka cusa robar da ke riƙe sukuru har ta shige daidai da bango, ka ɗaure. In ka ɗiga ɗan silikon a bakin ramin kafin ka ɗaure, ruwa ba zai bi ta nan ya shiga bayan tayil ba.

Wanda ke gidan haya, ko wanda ba ya son huda, yana da hanya uku. Akwai ƙugiyoyin da ake saƙalawa a saman ƙofa, sai dai ka auna kaurin ƙofarka, ka kuma duba ko akwai ɗan fili tsakaninta da katakon sama da zai bar ta ta rufu. Akwai sandar da ake murɗawa ta toshe tsakanin bango biyu. Akwai kuma ƙugiya mai gam. Ita wannan mutane kan yi mata gaggawa, shi ya sa take faɗowa. A wanke tayil ɗin, a goge da sifirit don cire maiƙon sabulu, a bari ya bushe ƙarau, a manna a danne na rabin minti, sannan a ƙyale ta kwana ɗaya cur kafin a rataya mata komai. A kan tayil mai santsi take kamawa, ba a kan layin da ke tsakanin tayil ba, ba kuma a bangon da fentinsa ke ɓarewa ba. Ka karanta nauyin da aka rubuta a jikin kwalinta, ka zaɓi wadda ta kai kilo 2 ko fiye.

Mataki na 5: Wurin busassu

Ƙaramin banɗaki ƙasansa ne a cike, samansa a buɗe yake. Ka ɗaga kai.

Bangon saman tankin masai shi ne wurin da aka fi amfani da shi. Kanta mai zurfin santimita 20 zuwa 25 ta isa. Ka bar aƙalla santimita 30 tsakaninta da murfin tankin, don ranar da za a buɗe shi a yi gyara. Amma ka sani, duk lokacin da aka kora ruwa murfin masai a buɗe, ƙananan ɗigon ruwa da ido ba ya gani suna tashi sama su sauka a kan abin da ke kusa. Don haka ko dai a saba da rufe murfin kafin a kora, ko tawul ɗin su kasance cikin kwando mai marfi ko ƙaramar kwaba mai ƙofa. Ni na fi natsuwa da a haɗa duka biyun.

Saman ƙofa ma wuri ne da ake mantawa da shi. Katako ɗaya mai faɗin ƙofar zai ɗauki tawul huɗu zuwa shida, ba ya tare hanya, ba ya buge kai. Aibinsa ɗaya: tururi sama yake tashi. In banɗakinka ba shi da taga ko fankar zuƙe iska, tawul da ke can sama zai riƙa shan tururin kowane wanka. A irin wannan banɗakin, gara ka kafa kantar a wajen ƙofar, ta ɓangaren ɗaki ko baranda. Taku ɗaya ne tsakani, amma bambancin bushewar ba kaɗan ba ne.

In akwai siririn fili na santimita 15 zuwa 20 a gefen masai ko kwami, ƴar kanta mai taya za ta shige, ka jera naɗaɗɗun tawul a ciki, ka bar hawan ƙasa ga sabulu da kayan wanke-wanke. Kwandon waya ko na roba mai ramuka ana iya ɗaure gindinsa a bango bakinsa ya fuskanci mutum, ya zama kamar ƴar taga ta ajiya. Kwandon da aka saƙa da kaba ko ciyawa yana da kyan gani, amma yana shan danshi, kuma fumfuna na son saƙarsa. In za ka yi amfani da shi, kada ya taɓa ƙasa, ka riƙa fitar da shi rana lokaci-lokaci.

Kwabar ƙarƙashin kwami kuwa, na gaya maka abin da ta yi mini. Idan ba ka da wani wuri sai ita, ka shimfiɗa takarda a ƙarƙashin bututun ka bar ta kwana biyu. In ta fito a bushe, ka sa tawul ɗin cikin roba mai marfi, nesa da bututun, ka riƙa buɗe ƙofar kwabar tana shan iska. Kada ka taɓa rufe tawul da sauran lema a jikinsa, ko kaɗan ce. Kai shi cikin kwaba a haka an gudu ne ba a tsira ba.

Mataki na 6: Ninki da naɗi

Yadda aka ninke tawul shi ke nuna ko kanta za ta ɗauki uku ko shida. Ka shimfiɗa shi a kan gado. Ka kamo dogon gefe ɗaya ka kawo shi kashi ɗaya cikin uku na faɗin, ka kamo ɗayan ka rufe a kansa. Yanzu faɗin santimita 70 ya koma kamar 23. Sai ka ninka tsawon gida biyu, ka sake ninkawa, 140 ya koma 35. Ka sami tawul mai 23 da 35, wanda zai kwanta a kanta mai zurfin 25 ba tare da ya leƙo ba. In zurfin kantar ya kai 35, ka juyo da gefen da ya lanƙwasa ya fuskance ka, in ka zo ɗauka ɗaya ne zai biyo hannunka, ba biyu ba. Kada tsibin ya wuce huɗu, in ya wuce zai riƙa karkacewa.

Naɗi kuma na kwando ne da matsattsen wuri. Bayan ka yi ninkin nan na gida uku, sai ka fara daga baki ɗaya ka nannaɗe shi tamau har ƙarshe, ka ajiye bakin a ƙasa don kada ya warware. Ana iya tsayar da su a kwando ko a jera uku a ƙasa, biyu a sama. Ƙananan na fuska sun fi daɗin naɗi, guda shida za su shiga ƴar roba ɗaya.

Idan ka kawo sabon wanki, ka sa shi a ƙasa ka ɗauki na sama. Da na yi haka tun farko, da tawul ɗin nan bai yi makonni a gindin kwaba ba wanda ya duba shi.

Ranar da za ka sayi sabo kuma, ka duba kaurinsa. Ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita, wani lokaci a rubuce yake a jikin takardarsa. Masu 600 zuwa sama suna da taushi da nauyi, amma suna cin wuri kuma suna daɗewa ba su bushe ba. Masu 400 zuwa 500 sun fi dacewa da banɗakin da iska ba ta wadace shi ba. Akwai kuma siraran nan na auduga marasa gashi, da na maikirofayiba, wato siririn zaren roba, waɗanda ninkinsu bai kai rabin na mai kauri ba, kuma kafin ka juya sun bushe.

Mataki na 7: Iska da wanki

Bayan kowane wanka, a buɗe taga ko a kunna fankar zuƙe iska na kamar minti 20, a bar ƙofa a buɗe in hali ya yi. A share ruwan da ya kwanta a ƙasa zuwa magudana, domin muddin yana nan, iskar ɗakin ba za ta bushe ba, tawul ma haka. A karkaɗe tawul sau ɗaya ko biyu kafin a rataya, gashinsa ya miƙe. Idan da dama, lokaci-lokaci a fitar da shi igiya ya sha rana.

Tawul ɗin wanka a wanke shi bayan an yi amfani da shi kamar sau uku, na hannu kuma da kowa ke taɓawa a sauya shi duk kwana biyu. Kowa ya san nasa, ko ta launi ko ta ɗan zaren da aka ɗinka a kusurwa, domin cututtukan fata irin su makero suna iya bin tawul daga jikin wani zuwa wani. Kada a jefa jiƙaƙƙe cikin kwandon wanki, a bari ya bushe tukuna.

Sabulu in ya yi yawa ba ya fita duka, sai ya zauna a cikin zaren ya sa tawul ya yi tauri yana riƙe wari. Man laushin tufafi shi ma yana lulluɓe zaren har tawul ya rage shan ruwa, don haka a rage shi ko a bar shi. Wanda ya riga ya yi warin tsami, a wanke shi da ruwan zafi, digiri 60 in takardar jikinsa ta yarda, a zuba kofi ɗaya na farin ruwan khal ba tare da sabulu ba, sannan a sake wankewa da sabulu kaɗan, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Kada a haɗa ruwan khal da bilic, ko a bokiti ko a injin wanki, haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu da ido. Idan bayan wanki biyu baƙin ɗigon bai fita ba, kuma warin yana dawowa da zarar tawul ɗin ya taɓa ruwa, fumfunar ta riga ta shiga zaren, a cire shi daga cikin na goge jiki.